DAGA GUGA ZUWA BURTSATSE: TARIHIN RUWA A GINDIN DALA

Ina so in yi amfani da wannan fili in ɗan waiwayi tarihin wani abu da kowannenmu yake taɓawa kullum, amma ba kasafai ake zama a yi nazarinsa ba, watau ruwan da ke ƙarƙashin ƙasarmu. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Idan muka ga yadda magabata suka zauna a gindin Dala shekaru aru-aru ba tare da rijiyoyinsu sun gaza ba, wataƙila za mu gane dalilin da ya sa a zamaninmu ake ta ƙara zurfin rijiya, ruwa kuma yana ta ƙara nisa.

SUNAYEN UNGUWANNI SHAIDA NE

Masu binciken kayan tarihi sun nuna cewa tun wajen ƙarni na 7 akwai mutane masu narka tama a gindin Dutsen Dala. Ba shakka tama ce ta jawo su, amma ba wanda zai zauna a kan tama idan babu abin sha. Abin da ya riƙe su shi ne rafin Jakara da dausayin da ke kewaye da shi. Littafin Tarihin Kano, wanda ya kawo labarin Barbushe da Tsumburbura, ya ambaci kurmin Jakara a matsayin wurin da mutanen wancan zamani suke girmamawa, ba sa yarda a sare itacensa. Ko da yake imaninsu ya saɓa da namu, a aikace sun kare bishiyoyin da ke bakin ruwansu.

Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san Bakin Ruwa da Ƙofar Ruwa da Rijiya Biyu da Rijiya Huɗu. A wajen ganuwa kuma ga Rijiyar Lemo, ga Rijiyar Zaki. Waɗannan sunaye ba a banza aka raɗa su ba. Suna nuna mana cewa a da rijiya ita ce alamar gari, a gefenta ake kafa bukka, daga bukka a sami unguwa. Haka kuma kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya kafa, a bakin Jakara take, inda fatake da dabbobinsu za su sami abin sha.

Ganuwar da aka fara ginawa a zamanin Sarki Gijimasu, aka yi ta faɗaɗa ta daga baya har tsawonta ya wuce mil goma, ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Baturen nan Kilafaton da ya zo Kano a 1824, da Bajamushe Barth wanda aka fi sani da Abdulkarim, da ya zo a 1851, dukansu sun rubuta cewa babban ɓangare na cikin ganuwa fili ne na gonaki da lambuna da tafkuna. Hikimar a nan ita ce, ko abokan gaba sun yi wa birni ƙawanya, akwai abinci, akwai ruwa a ciki.

YADDA ƘASARMU TAKE RIƘE RUWA

A nan sai mu tuna da darasin Labarin Ƙasa da malamanmu suka sha wahalar cusa mana. Birnin Kano a kan tsohon dutse mai tauri yake zaune. Shi wannan dutse ba ya shan ruwa. Ruwan da muke samu yana kwance ne a cikin marmara da ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa, da kuma cikin 'yan tsage-tsagen da ke jikin dutsen. Wannan ya bambanta da ƙasashen Gumel da Haɗeja da Borno, inda yashi da laka na kwarin Tafkin Cadi suke da kauri, suna riƙe ruwa mai yawa. Watau dai randar da Allah Ya ba mu a ƙarƙashin Dala ƙarama ce, kuma ba wani kogi da yake cika ta daga nesa. Ruwan saman da ya sauka a kanmu tsakanin watan Mayu da Satumba, wanda a shekara mai kyau yakan kai milimita 800 zuwa 900, shi ne kaɗai yake tsuma ya gangara cikinta. Sauran watanni bakwai kuwa ɗiba ake yi, ba a zubawa.

To, ta wace ƙofa ruwan yake shiga ƙasa? A nan ne kududdufi ya shigo cikin labari. Kakanninmu da jar ƙasa suke gini. Duk inda aka haƙi ƙasar yin tubali, ko ta gyaran ganuwa, sai rami ya zauna. Idan damina ta faɗi, ruwan indararo da na lungu duk can yake taruwa, ya kwanta wata da watanni yana tsuma a hankali. Rijiyoyin gidajen da ke kusa daga nan suke sha. Saboda haka gidan ƙasa ya haifi kududdufi, kududdufi ya shayar da rijiya, rijiya ta shayar da mutanen gida. Marina da majema da magina su ma duk sun dogara da wannan tsari.

Kada kuma son tuna baya ya sa mu rufe ido. Kududdufan nan matattarar sauro ne da ƙazanta. Kilafaton da Barth duka sun koka da warin dausayin da ya ratsa birni. Zazzaɓi da amai da gudawa da tsargiya sun ci mutane da yawa, a karkara kuma ƙurƙunu ya kwantar da manoma a tsakiyar damina, cutar da sai a 2013 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ita. Tsarin da yana da aibinsa. Sai dai yana da wata fa'ida da ba a lura da ita ba sai da aka rasa ta.

ZAMANIN JIGO

Noman rani ba baƙo ba ne a ƙasar Kano. Tun kafin zuwan Turawa a 1903 ana noman albasa da alkama da tattasai da taba da rake a fadamu da bakin rafuka. Abin ɗaga ruwa shi ne jigo: doguwar sanda a kan gwafa, dunƙulen laka a ƙarshenta ɗaya, guga ko ƙwarya a ɗaya ƙarshen. Mai lambu zai tsaya tun da asuba yana tsomawa yana juyewa a cikin 'yar magudana, ɗansa kuma yana buɗe fangali ɗaya, idan ya sha ya toshe ya buɗe na gaba.

Aikin jigo wahala ne, kuma ɗan ƙaramin fili kawai mutum ɗaya zai iya shayarwa. Amma wannan wahalar ita ce linzamin da ya hana ɓarna. Wanda ya ɗaga ruwa da damtsensa ba zai bar shi ya malale a banza ba. Bugu da ƙari, jigo ba ya kai hannu nesa. Idan ruwa ya ja baya, dole mai lambu ya dakata, ƙasa ta huta har damina ta dawo.

A gonakin tudu ma manoman karkarar Kano sun san dabarar riƙe laima. Jakuna suna fita daga ƙofofin birni da mangala cike da taki da shara da toka, su dawo da itace da hatsi. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya daɗe yana koyarwa a Zariya da Kano, ya yi rubuce-rubuce a kan yadda wannan yanki ya ɗauki ɗimbin jama'a ana noma gona ɗaya kowace shekara ba ta mutu ba. Sirrin shi ne taki, da haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, da barin gawo da ɗorawa da kuka a tsakiyar gona. Ƙasar da ta sha taki tana riƙe ruwa kamar soso.

FAMFO DA MADATSUN RUWA

Canji na farko babba ya zo ne a zamanin Sarkin Kano Alhaji Abdullahi Bayero (1926 zuwa 1953). A farkon shekarun 1930 En'e ta Kano, da kuɗin baitulmalinta, ta kammala aikin jawo ruwa daga kogin Chalawa, ana tura shi babban tanki a kan Goron Dutse, daga nan ya gangaro cikin birni. A karo na farko sai ga Bakano yana shan ruwan da ba a unguwarsu ya sauka ba. Wannan ci gaba ne da ya ceci rayuka, amma daga lokacin ne darajar rijiyar gida da kududdufi ta fara raguwa a idon jama'a.

Canji na biyu ya zo da Gwamna Audu Bako (1967 zuwa 1975), wanda ya ɗauki gina madatsun ruwa da muhimmanci. Aka yi Bagauda, sa'an nan aka kammala Tiga a 1974. Ana cikin aikin ne aka yi babban farin 1972 da 1973, lokacin da ruwan da ya sauka a Kano a 1973 bai wuce wajen rabin abin da aka saba ba. Dabbobi suka mutu, rijiyoyi suka ƙafe, gyaɗa ta kama hanyar durƙushewa. Wannan ya ƙara wa hukuma ƙarfin gwiwa a kan cewa ba za a dogara da damina kaɗai ba. Aka ci gaba da gina wasu madatsun kamar Tomas da Watari da Jakara ta wajen Wasai, har zuwa ta Chalawa da ke Ƙaraye wadda aka gama a 1992. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ta karɓi kula da aikin noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure, wanda aka tsara kashinsa na farko zai kai hekta 22,000.

Amfanin wannan aiki a fili yake. Tumatirin da ake lodawa a Kwanar Gafan zuwa Ikko, da shinkafar Kura, da ruwan da injinan Tamburawa da Chalawa suke tacewa, duk albarkar waɗannan madatsun ruwa ce. Sai dai an biya farashi ta hanyoyi biyu. Na farko, da yake ruwan magudana yana zuwa ba da gumi ba, kuma kuɗin da ake biya ba ya dogara da yawan abin da mutum ya sha, sai na kusa da bakin ruwa suka riƙa ambaliya wa gonakinsu, har ruwa ya taso daga ƙasa ya kwanta, kanwa ta fito a wasu filaye, alhali na ƙarshen layi suna jiran abin da bai iso ba. Na biyu, ambaliyar shekara-shekara da take malala a dausayin Haɗeja da Nguru ta ragu ƙwarai. Ita wannan ambaliya ita take cika rijiyoyin ƙauyukan can, ita take ba su shinkafa da kifi da ciyawar dabbobi. A maimakonta sai ga ɗan ruwa yana gudana rani da damina, abin da ya ba kacala dama ta toshe hanyoyin ruwa. Binciken da masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a shekarun 1990 ya nuna cewa, idan aka auna da yawan ruwan da aka kashe, abin da dausayin yake samarwa ya fi na manyan gonakin noman rani nesa ba kusa ba. Fashewar madatsar Bagauda a watan Agusta na 1988 kuma ta tuna wa kowa cewa gina dam abu ne daban, kula da shi abu ne daban.

INJIN BAN-RUWA DA BURTSATSE

Canji na uku shi ne ya shafi ruwan ƙarƙashin ƙasa kai tsaye. A shekarun 1980 hukumar KNARDA ta yaɗa ƙananan rijiyoyin bututu da ake kafawa a fadama, tare da ɗan injin mai shan fetur. Hana shigo da alkama da gwamnatin Babangida ta yi a 1987 ya ƙara ingiza mutane cikin noman rani, sa'an nan shirin Fadama na ƙasa da Bankin Duniya ya tallafa daga farkon shekarun 1990 ya kai wannan dabara jihohi da dama. Cikin 'yan shekaru jigo ya zama abin ba da labari. Manomin da a da yake fama da 'yan fangula yanzu yana shayar da eka guda ko fiye kafin azahar. Talauci ya ragu a gidaje da yawa, kuma wannan abin godiya ne. Amma linzamin nan na damtse ya tsinke, ba a kuwa sa wani a madadinsa ba.

A cikin birni ma haka abin ya kasance. Ƙidayar 2006 ta nuna Ƙaramar Hukumar Dala tana da mutane fiye da 418,000. Jama'a ta ninka, famfo ya kasa wadatar da kowa, ko da an ƙara sabon injin Tamburawa mai tace lita miliyan 150 a rana a zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Sai kowane mai hali ya haƙa burtsatse a gidansa, wanda ba shi da hali kuma ya koma ga 'yan ga-ruwa da kurarsu ta jarkoki. Ga masu ruwan leda, ga masu wankin mota, duk a randa ɗaya suke tsoma hannu.

A daidai lokacin da ɗiba ta ƙaru, sai aka rufe ƙofofin zubawa. Bulo da siminti suka maye gurbin tubali, kududdufi ya rasa aikin yi, aka cike shi da shara aka yanka fuloti. Tsakar gida aka dabe, lunguna aka shimfiɗa musu tubalin siminti. Lambunan da ke wajen Ƙofar Ruwa, waɗanda malaman Jami'ar Bayero irin su Farfesa Olofin suka yi nazari a kansu, gine-gine sun yi ta cinye su. Jakara kanta an ɗaure ta da kankare, a zamanin gwamnatin 2011 zuwa 2015 kuma aka fara rufe ta ana shimfiɗa titi a kai. Masu lambun da suka rage a bakin Jakara da Getsi da ruwan kwata suke ban-ruwa, wanda ya gauraya da dagwalon masana'antun Bompai. Sakamakon duk wannan kowa yana gani: a watan Agusta ruwa ya rasa inda zai shiga ya faɗa gidajen mutane, a watan Afrilu kuma rijiya ta koma ramin ajiye tarkace. Ruwan saman ma ya ɗan farfaɗo bayan farin 1983 da 1984, don haka ba za mu ɗora wa sama laifin duka ba. A nan karin maganar ta zauna daidai, rijiya ta bayar, guga ya hana.

GEMUN ƊAN UWA

Ba mu kaɗai muka bi wannan hanya ba. A jihar Punjab ta Indiya, rijiyoyin bututu da wutar lantarki kyauta sun sa an yi ta noman shinkafa da alkama har ruwan ƙasa ya yi ƙasa sosai, sai da aka yi doka a 2009 ta hana dashen shinkafa kafin damina ta matso. Saudiyya ta yi noman alkama a hamada har tana sayarwa waje, amma da ta ga tana ƙarar da ruwan da ya kwanta tun dubban shekaru, sai a 2008 ta fara janyewa, ta daina sayen alkamar gida a 2016. A nan kusa, Tafkin Cadi da ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya tsuke ƙwarai a shekarun 1980, babban aikin noman ranin da aka gina a kudancinsa ya rasa ruwan da zai ja.

Akwai kuma misalin da ke ƙarfafa zuciya, daga 'yan uwanmu na Jamhuriyar Nijar. Daga shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suka ɗauki dabarar barin tohon kututture ya girma a gona maimakon sassabe shi, har miliyoyin hekta suka sake yin itatuwa a Maraɗi da Damagaram. A yankin Tawa kuma suka haƙa ƙananan ramukan da suke kira tassa, da kunyoyi masu siffar jinjirin wata, suna tare ruwan sama da taki a faƙon da aka yanke ƙauna da shi. A wasu ƙauyukan, ruwan rijiya ya taso bayan 'yan shekaru. Fartanya da haƙuri ne suka yi wannan aiki.

ABIN YI

Tarihin nan ya koya mana abu ɗaya: duk ruwan da za a ɗiba da rani, sai an ba shi hanya ya shiga ƙasa da damina. Saboda haka, na farko, kududdufan da suka rage a tsare su a hukumance, a yashe su, a katange su, a hana zuba shara da kwata a ciki, domin su zama ma'ajiyar ruwa ba matattarar cuta ba. Na biyu, mai gina gida ya bar wani sashe na tsakar gida ba dabe, ya tara ruwan kwano a tanki, ragowar kuma ya bi da shi cikin ramin tsakuwa nesa da shadda. Na uku, a san adadin burtsatsen da ke kowace unguwa da zurfinsu, a ware wasu rijiyoyi da za a riƙa auna ruwansu wata-wata. Dokar albarkatun ruwa mai lamba 101 ta 1993 ta ba Gwamnatin Tarayya ikon tsara amfani da ruwan da ya ratsa jihohi, amma doka ba ta aiki sai da awo da masu bin diddigi.

A gona kuwa, dabarun ba masu tsada ba ne. A daidaita fili kafin a saki ruwa. A yi ban-ruwa da sanyin safiya ko yamma. A rufe gindin shuka da ƙaiƙayi ko tattaka. A bi da ruwa ta tiyo maimakon doguwar magudanar ƙasa mai tsiyaya. Mai tumatir da tattasai zai iya amfani da siraran bututu masu ɗiga a gindin shuka. Mai shinkafa kuma ba dole ne ruwa ya kwanta a fangalinsa kullum ba. Binciken cibiyar shinkafa ta duniya da ke Filifin ya nuna cewa idan ana barin fili ya ɗan tsane kafin a sake shayarwa, ana iya rage ruwa da kusan kashi 30 cikin ɗari ba tare da amfanin ya ragu ba. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da aka ƙarfafa a ƙarƙashin shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, su ma hanya ce ta raba ruwa da adalci tsakanin na gaba da na baya. Sai kuma a yi hattara da injin mai aiki da hasken rana, wanda ya ƙara karɓuwa bayan cire tallafin man fetur a 2023. Alheri ne ga aljihun manomi, amma tun da ba a sayen rana, ba abin da zai tuna masa ya kashe injin sai hankalinsa.

'Yan uwa, a cikinmu akwai injiniyoyi da malaman gona da masu tsara birane da limamai da masu unguwanni da 'yan majalisa. Takardar da za ta mayar da kududdufi fuloti, ta teburin ɗayanmu za ta bi. Huɗubar da za ta tuna wa jama'a cewa Musulunci ya hana almubazzaranci da ruwa ko a wajen alwala, daga bakin ɗayanmu za ta fito. Magabata sun bar mana rijiyoyi masu ruwa har unguwanni suka ci sunansu. Ya kamata mu ma mu bar wa na baya abin da za su tsoma guga su samu.